Antibairos ya killace mana manhajar sakamakon jarrabawa: a kashe shi ko a saurare shi?

Malam Sabi'u:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar masana daga cikinku a kan wani al'amari da ya taso mana a makarantar da nake aiki a nan Jos, kuma lokaci ya ƙure mana. Shekara biyu ke nan muna amfani da wata 'yar manhaja da wani tsohon ɗalibinmu, Auwal, ya rubuta mana domin tattara makin ɗalibai da fitar da katin sakamako. Malamai suna shigar da makin gwaji da na jarrabawa, ita kuma ta haɗa jimilla, ta fitar da matsayin kowane yaro a ajinsu, sai mu buga a firinta. Makon jiya Auwal ya aiko mana da sabon zubi, wanda ya ƙara wa gurbin sharhin malamin aji. Da muka saka shi ranar Litinin, sai antibairos ɗin da ke kan kwamfutoci uku na ofis, wato manhajar da ke kare su daga cutar kwamfuta, ya ɗauke fayil ɗin, ya killace shi, ya rubuta cewa Trojan ne, wato cutar da ke shigowa a ɓoye da siffar manhaja ta gari. Mun sake saukewa daga saƙon da ya aiko, ya sake ɗaukewa. Ranar Juma'a za a ba da hutu, iyaye za su zo karɓar sakamakon 'ya'yansu, ga shi ko kati ɗaya ba mu buga ba. Kwamfuta ɗaya ce ba ta yi ƙorafi ba, wata tsohuwar laftof ta akawunmu, wadda manhajar take tashi a kanta ba tare da gargaɗin komai ba. Abin da nake so in sani shi ne, in kashe antibairos ɗin a sauran ukun, ko kuwa in kwafo fayil ɗin daga laftof ɗin akawu in raba musu?

Alhaji Ɗanlami:
Wa alaikumus salam, Malam Sabi'u. Shekaruna goma sha biyar ina da shagon buga takardu da hoton takardu a kan titin Bauchi, kuma abin da ya same ku ya same ni ba sau ɗaya ba. Akwai lokacin da antibairos ya hana ni saka manhajar wata firinta da na saya sabuwa dal a kwalinta, da faifanta na asali, har na yi asarar yini guda na aikin ɗalibai masu buga kundin kammala karatu. Tun daga ranar na daina ba shi muhimmanci. Yaron nan kun san shi, kun san gidansu, ku kuka koyar da shi, ba shi da dalilin da zai aiko muku da cuta. Shawarata ita ce ku kashe antibairos ɗin zuwa ranar Juma'a, ku buga katunanku, iyaye su karɓa, bayan hutu a zauna a duba a tsanake.

Injiniya Nuhu:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, na yarda da rabin maganarku, wato cewa mai yiwuwa ne ƙwarai antibairos ɗin ne ya yi kuskure. Amma kashe shi gaba ɗaya har kwana huɗu, a makon da kowane malami yake yawo da filash tsakanin gida da ofis da shagon buga takardu, shi ne abin da Hausawa ke cewa garin neman gira a rasa ido. Ni da nake gyaran kwamfuta a kusa da Terminus, mafi yawan waɗanda ake kawo mini sun cika da cuta, idan na bincika sai in tarar an taɓa kashe musu kariya saboda wata buƙata ta rana ɗaya, aka manta ba a kunna ba.

Bari in ɗan yi bayanin yadda kuskuren ke aukuwa, domin sanin haka ne zai nuna mana abin yi. Antibairos yana gane cuta ta hanyoyi da dama. Ta farko ita ce ta alama: kamfanin ya riga ya kama wata cuta, ya ɗauki wani yanki nata ya ajiye, duk fayil ɗin da aka ga wannan yankin a cikinsa sai a kama shi. Wannan hanya ba ta cika kuskure ba, amma ba ta ganin cutar da aka ƙirƙiro jiya. Saboda haka aka ƙara hanyar hasashe, wadda take duban siffar fayil da halinsa: shin a dunƙule yake yadda ba a iya karanta cikinsa, shin idan ya tashi yana warware wasu fayiloli a ɓoye, shin yana taɓa wuraren da manhaja ta gari ba ta cika taɓawa ba. Sannan akwai duban suna, wato fayil ɗin yana ɗauke da sa hannun wani kamfani sananne (hatimin dijital da ke nuna wanda ya fitar da shi) ko babu, kuma mutum nawa ne a duniya suka taɓa amfani da shi. Manhajar da aka gama rubutawa makon jiya, babu sa hannu, kwamfuta huɗu kacal suka taɓa ganinta a duk duniya, ta faɗi a wannan ma'auni tun kafin a duba abin da take yi. Kamar baƙo ne da ya shigo unguwa da dare ba wanda ya san shi, 'yan sintiri za su tsare shi ko da malamin kirki ne, amma kama da wane ba ta wane.

Malam Sabi'u, ka turo mana cikakken sunan da antibairos ɗin ya ba cutar, harafi da harafi. Kuma don Allah kada ka kwafo komai daga laftof ɗin akawu tukuna. Ina so in san dalilin da ya sa ita kaɗai ta yi shiru.

Malam Sabi'u:
Na gode, Injiniya. Na duba wurin da ake ajiye abubuwan da aka killace. Sunan ya fara da Trojan, a tsakiyarsa akwai Heur, a ƙarshe kuma Gen da wasu lambobi. Game da laftof ɗin kuwa, na tambayi akawu, ya ce wani mai gyara ne ya cire masa antibairos tun bara saboda tana nauyi, kuma Windows 7 ce a kanta.

Injiniya Nuhu:
To, sunan ya ba mu haske. Heur da Gen, haka nan idan ka ga ml a ƙarshen suna a wasu kamfanonin, duka suna nufin hasashe ne aka yi, ba a ce ga takamaiman cutar da aka sani ba. Wannan yana ƙara ƙarfafa zaton cewa kuskure ne, ko da yake bai tabbatar ba. Laftof ɗin kuma ba shaidar lafiya ta bayar ba, babu mai gadi ne a ƙofarta shi ya sa ba a ji ihu ba. Microsoft ta daina ba wa Windows 7 gyaran tsaro tun ranar 14 ga Janairu, 2020. A ajiye ta gefe, a cire ta daga intanet.

Malama Hadiza:
Assalamu alaikum. Ni malamar kwamfuta ce a wata sakandare a Bukuru, kuma ina so in ƙara wani abu a kan bayanin Injiniya, domin kada a ɗauka cewa wannan matsala ta ƙananan manhajoji ce kaɗai. A ranar 21 ga Afrilu, 2010, kamfanin McAfee ya fitar da sabuntawa mai lamba 5958, wadda ta ɗauki svchost.exe, wani fayil da Windows kanta ba ta aiki sai da shi, a matsayin cuta. Kwamfutoci masu Windows XP a ma'aikatu da asibitoci da makarantu suka shiga kashe kansu suna sake tashi ba ƙaƙƙautawa, sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu aka gyara. A ƙarshen Satumba na 2011, antibairos ɗin Microsoft ya ɗauki Google Chrome a matsayin Zbot, wata cuta mai satar bayanan banki, ya cire shi daga kwamfutocin mutane kusan 3,000 kafin a gyara. A 2012 kuma na kamfanin Sophos ya kama manhajarsa ta sabuntawa da kansa, ya killace ta, wato ya toshe ƙofar da gyaran zai shigo ta ciki. Idan Chrome da Windows ba su tsira ba, manhajar Auwal ba abin mamaki ba ce.

Kuma wannan ba sakaci ne da za a wayi gari an kawar da shi ba. Tun a 1984 wani masani ɗan Amurka, Fred Cohen, ya nuna ta hanyar lissafi cewa ba zai yiwu a rubuta manhajar da za ta bambance kowace cuta da kowane fayil mai lafiya ba tare da kuskure ko ɗaya ba. Kamfani zaɓi kawai yake yi: idan ya tsaurara, zai kama marasa laifi, idan ya sassauta, ɓarayi za su wuce. Shi ya sa cibiyoyin da ke gwada waɗannan manhajoji, irin su AV-TEST a Jamus da AV-Comparatives a Ostiriya, ba yawan cutar da aka kama kaɗai suke ƙirgawa ba, har da yawan fayiloli masu lafiya da aka kama bisa kuskure.

Sai dai akwai ɗaya gefen, kuma shi ne dalilin da ya sa ban goyi bayan shawarar Alhaji ba. A watan Maris na 2023, masu amfani da manhajar kiran waya ta kamfanin 3CX suka fara ganin manhajojin tsaro suna kama ta. Manhaja ce ta sanannen kamfani, da sa hannunsa a jikinta, daga shafinsa aka sauke ta, saboda haka da yawa suka yanke cewa kuskure ne, wasu ma suka saka ta a jerin abubuwan da aka yafe wa bincike. Kimanin mako guda bayan haka aka tabbatar cewa 'yan kutse ne suka shiga kamfanin suka cusa cuta a cikin manhajar tun daga inda ake haɗa ta. Irin haka ya faru da CCleaner, wata manhajar share tarkacen kwamfuta, a 2017, inda fiye da mutum miliyan biyu suka sauke zubin da aka gurɓata, shi ma da sa hannu na gaskiya. A duka biyun babu wanda ya ce masu kamfanin ne suka yi niyyar cutar da kowa. Don haka sanin Auwal da sanin gidansu yana wanke niyyarsa, amma ba ya wanke kwamfutar da ya yi aikin a kanta, ko hanyar da fayil ɗin ya biyo.

Alhaji Ɗanlami:
Malama, na ji bayaninki kuma na ƙaru, amma ki dubi halin da mutumin nan yake ciki. Waɗancan manyan kamfanoni ne da 'yan kutse ke hari saboda akwai abin samu. Wa zai ɓata lokacinsa a kan makin 'yan aji uku na wata makaranta a Jos? Ni abin da na sani shi ne, ranar Juma'a idan iyaye suka zo ba kati, ba wanda zai saurari labarin Amurka.

Malama Hadiza:
Alhaji, gaskiyarku ce cewa ba wanda zai zauna ya yi wa makarantar tarko ita kaɗai. Cutar da nake tsoro ba mai zaɓen mutum ba ce, irin wadda take bin filash ce, duk fayil ɗin da ta samu ta manne masa, ba ruwanta da na wane ne. Binciken da muke magana a kai kuma ba zai ci musu fiye da awa ɗaya ba, yau Talata ce.

Auwal:
Assalamu alaikum iyayena da malamaina. Ni ne Auwal ɗin da ake magana, Malam Sabi'u ne ya sa aka shigo da ni. Da farko ina ba Malam haƙuri a kan wannan tsaiko. Da harshen Python na rubuta manhajar, sannan na haɗe ta ta zama fayil ɗaya da wani kayan aiki da ake kira PyInstaller, domin kada malamai su sha wahalar saka Python a kowace kwamfuta. Abin da na canza a wannan karon, ban da gurbin sharhi, shi ne na matse fayil ɗin da UPX don ya rage girma, saboda Malam ya taɓa cewa saukewa tana cin data. A kwamfutata babu wani gargaɗi da ya fito. Wallahi ban saka komai a ciki ba sai lissafin maki, kuma a shirye nake in nuna wa duk wanda yake so rubutun manhajar layi-layi.

Injiniya Nuhu:
Kwantar da hankalinka, Auwal, babu wanda ya zarge ka, kuma bayaninka ya kusa warware matsalar. Fayil ɗin da PyInstaller ya haɗa a matsayin guda ɗaya, idan aka buɗe shi, yakan fara warware kansa a wata folda ta wucin gadi, sannan ya tashi daga can. Wannan shi ne ainihin halin da yawancin cututtuka suke nunawa. Bugu da ƙari, ɗan guntun da ke farkon fayil ɗin, wanda ke yin wannan warwarewa, iri ɗaya ne a manhajarka da kuma a ta duk wani mugu da ya yi amfani da kayan aikin nan wajen haɗa tasa cutar, kuma suna da yawa. Sai ka zo ka ƙara UPX, wanda shi ma masu rubuta cuta suka daɗe suna fakewa da shi. Kayan aikin biyu halal ne, dubban masu rubuta manhaja na gari suna amfani da su, amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake yi.

Ga abin da nake so a yi yanzu. Auwal, ka buɗe PowerShell, tagar rubuta umarni ta Windows, a kwamfutarka, ka rubuta Get-FileHash sannan sunan fayil ɗin. Zai ba ka lambar SHA-256, haruffa da lambobi 64, wadda take kamar zanen yatsa ce ga fayil: ko ɗigo ɗaya aka canza a ciki, lambar gaba ɗaya za ta sauya. Ka turo ta nan. Malam Sabi'u kuma ya nemi mai taimaka masa ya fitar da lambar fayil ɗin da ka aiko ta saƙo, da kuma ta wanda ke kan laftof ɗin akawu. A Windows 7 ana iya amfani da certutil -hashfile, sunan fayil, sannan SHA256. Bayan haka sai ka ɗora fayil ɗinka a shafin intanet na VirusTotal, inda antibairos kusan 70 za su duba shi a lokaci guda.

Hajiya Rakiya:
Ina bin muhawarar nan tun safe, kuma a matsayina na uwa mai 'ya'ya a makaranta ina da jan hankali ɗaya kafin a ɗora komai. Abin da aka ɗora a VirusTotal ba ya zama sirri, domin ana raba shi ga kamfanonin tsaro da masu bincike da ke biyan kuɗin shiga. A ɗora manhajar kaɗai, kada a haɗa da fayil ɗin da ke ɗauke da sunayen yara da makinsu da lambobin wayar iyaye. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta hau kan makarantu kamar yadda ta hau kan bankuna, amma ko babu doka, amana ce.

Auwal:
Na gode, Hajiya, bayanan ɗalibai a wani fayil daban suke, ban taɓa shi ba. Na ɗora manhajar kaɗai. Guda shida ne suka kama ta, sauran duka suka ce lafiya. Dukkan shidan sunayen da suka bayar na hasashe ne, kowanne da irin nasa, babu biyu da suka yi daidai a kan suna ɗaya. A sashen da ke nuna halin fayil idan ya tashi, ba a ga ya nemi haɗuwa da wani adireshi a intanet ba, wanda haka ya kamata, domin manhajar ba ta amfani da intanet ko kaɗan. Na kuma tura wa Malam lambar SHA-256 ɗin.

Malam Sabi'u:
Malamin lissafinmu ya taimaka mini mun fitar da lambobin. Ta fayil ɗin da ke cikin saƙon Auwal ta yi daidai da wadda ya turo, daga farko har ƙarshe. Amma ta laftof ɗin akawu daban take gaba ɗaya, kuma fayil ɗin ya ɗan fi na asali girma, alhali sunansu ɗaya, kuma daga saƙo ɗaya aka sauke su. Mun kwafi lambar da hannu muka nema a VirusTotal ta waya, bai san ta ba. Shin mu ɗora fayil ɗin?

Injiniya Nuhu:
Kada ku mayar da laftof ɗin kan intanet, kuma kada ku soka filash ɗin da ya taɓa ta a wata kwamfutar ofis. Ku kawo mini ita shago bayan la'asar in duba ta da kayan aikina.

Injiniya Nuhu:
An kawo laftof ɗin, kuma da izinin Malam Sabi'u nake faɗin abin da na gani. Na tashe ta daga wani filash na musamman ba tare da Windows ɗinta ta tashi ba, na bincike ta. Tana ɗauke da Sality, tsohuwar cuta da aka sani tun 2003, wadda aikinta shi ne ta manne wa fayilolin manhaja masu ƙarewa da exe da ta samu, ta kuma bi filash zuwa wata kwamfutar. Ta kama fayiloli da yawa, ciki har da manhajar Auwal, shi ya sa girmanta ya ƙaru kuma lambarta ta sauya. A nan babu maganar hasashe, da sunanta aka kira ta. Abin da ya faru ke nan: fayil ɗin da kwamfutoci uku suka ƙi mai lafiya ne, wanda laftof ta karɓa kuma shi ne mai cutar. Da an haɗa shawarwari biyun da Malam ya zo da su, wato a kashe kariya sannan a kwafo daga laftof, da yau duk ofishin ya kamu, da filash ɗin kowane malami da ya zo shigar da maki.

Alhaji Ɗanlami:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na janye shawarata a kan kashewa, kuma gobe zan sa a duba kwamfutocin shagona, domin akawun nan yakan kawo mini aiki a filash. Sai dai har yanzu ina nan a kan cewa an zalunci yaron nan. Ya yi aiki mai kyau, wata na'ura a wata ƙasa ta kira aikinsa Trojan a gaban malamansa, ba wanda zai ba shi haƙuri. Da ba a samu masu sani a nan ba, da shi ke nan an daina yarda da shi.

Malama Hadiza:
A wannan kam ina tare da ku, Alhaji, kuma abin yana damuna fiye da yadda nake iya faɗa. Muna ta ƙarfafa wa ɗalibai gwiwa su rubuta manhajojin da za su magance matsalolin gida, na makaranta, na kemis, na masu sayar da dankali da kayan lambu a kasuwar Farin Gada, amma tsarin da ake auna amincin manhaja da shi an gina shi ne a kan wanda yake da suna da kuɗi. Hanyar da aka tanada ita ce mai manhaja ya sayi takardar shaidar sa hannu daga ɗaya daga cikin kamfanonin da aka amince da su, wadda ake biya da dala kuma ake sabuntawa, bayan an tantance shi ko kamfaninsa. Tun daga watan Yuni na 2023 ma an wajabta cewa mabuɗin sa hannun ya zauna a cikin wata na'ura ta musamman ko ma'ajiyar da aka amince da ita, wanda ya ƙara tsada da wahala. Yaron da ya rubuta wa tsohuwar makarantarsa manhaja don Allah, ina zai samo wannan? Kuma ko ya samu, sa hannu ba ya hana kamawa gaba ɗaya, yana dai sa sunan da manhaja ta tara ya bi ta daga wannan zubi zuwa na gaba, maimakon kowane sabon zubi ya fara daga sifili a matsayin baƙo.

Injiniya Nuhu:
Haka ne, Malama. Amma akwai abubuwan da ba sa buƙatar dala. Auwal, ka sake haɗa manhajar ba tare da UPX ba, kuma maimakon fayil ɗaya ka zaɓi tsarin folda, inda manhajar da kayan da take buƙata suke zaune a fili ba sai ta warware kanta ba. Sau da yawa wannan kaɗai yana rage kamawa. Sannan ka je shafin kamfanin antibairos ɗin, kusan kowane babban kamfani yana da wurin da ake kai ƙorafin fayil ɗin da aka kama bisa kuskure, ka ɗora shi, ka bayyana cewa kai ne ka rubuta shi da abin da yake yi. Wannan shi ne gyara na gaskiya, domin idan suka wanke shi, ya wanku ga kowa. Daga yau kuma duk zubin da za ka aika, ka haɗa da lambar SHA-256 ɗinsa a saƙo daban.

Malam Sabi'u, idan sabon haɗin ya wuce ba gargaɗi, shi ke nan. Idan bai wuce ba, tunda yanzu muna da hujja, ana iya yafe wa wannan fayil ɗin bincike, amma shi kaɗai da cikakken sunansa da wurin zamansa. Kada a yafe wa foldar da ake sauke abubuwa daga intanet, kada a yafe wa dukkan faifan C, wato babban faifan kwamfutar, kada kuma a yafe wa duk fayil mai ƙarewa da exe, domin na sha ganin an yi haka. A rubuta a takarda cewa an yi, a cire shi da zarar kamfanin ya gyara.

Auwal:
Na sake haɗawa yadda Injiniya ya ce. A VirusTotal yanzu guda ɗaya ne kawai ya kama ta, kuma ba shi ne wanda ke kan kwamfutocin makaranta ba. Na kuma aika wa kamfanin tsohon fayil ɗin da bayani, sun ba ni lambar ƙorafi. Girman foldar ya kusa ninka na da, saboda haka zan kawo ta da kaina gobe da safe a sabon filash, Malam ba sai ya kashe data ba.

Hajiya Rakiya:
Ina tambaya a kan makin da ke cikin laftof ɗin akawu. Idan akwai ajin da a can kaɗai aka shigar da nasu, yaya za a yi?

Malam Sabi'u:
Akwai, Hajiya, aji biyu na ƙaramar sakandare a can aka shigar. Injiniya ya ce fayil ɗin bayanan ba manhaja ba ne, ya ciro shi ya bincika bai ga komai ba, amma duk da haka na sa malaman azuzuwan biyu su kwatanta shi da takardun makin da ke hannunsu kafin mu buga. Auwal ya zo da ƙarfe bakwai da rabi duk da sanyin da aka tashi da shi, mun saka sabuwar foldar a kwamfutoci ukun da antibairos a kunne, lambobin sun yi daidai, ba wanda ya yi gargaɗi, kuma ba mu yafe wa komai bincike ba. Zuwa azahar mun buga na firamare gaba ɗaya. Laftof ɗin tana wurin Injiniya, ya ce gogewa za a yi a sake saka mata komai, kuma yana shakkar ko za ta iya ɗaukar Windows ta yanzu. Na tattara filash tara daga hannun malamai, zan aiko da su a duba bayan an tashi. Injiniya, filash ɗin da aka samu da cutar, ana iya wanke shi a ci gaba da amfani da shi, ko sai an jefar?

Injiniya Nuhu:
Ba sai an jefar ba, Malam. Zan ciro takardun da ke ciki, in bar duk wani fayil na exe da gajerun hanyoyin da cutar ta ƙirƙira, sannan in goge filash ɗin gaba ɗaya in mayar da takardun. Ka rubuta sunan kowane malami a jikin nasa kafin ka aiko, domin wanda aka samu nasa ya kamu, to kwamfutarsa ta gida ma sai an duba ta kafin a dawo hutu.